Leɓe, Dunduniya da Gemu

Masu bibiyata, na ga saƙonninku na wannan satin. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa in daina jan aji in auri Gildardo, tunda shekara talatin da tara ba shekarun zaɓe ba ne. Na gode, 'yar uwa. Bakinki ɗaya da Gwaggona Edilma, sai dai ita da ludayi a hannu take faɗa.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Nohora. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Manizales, wato ina koya wa yara sunayen kogunan da ni kaina ban taɓa gani ba. Ni da mahaifina, Don Ovidio, muke zaune a gidanmu na kan gangare, mai matakala arba'in da biyu daga titi. Shekara hamsin yana aski a shagonsa na kusa da kasuwa. Bai taɓa rufe shagon da rana ba sai ranar Alhamis, da yake tafiya karta wurin abokansa, abin da Mama ta yi ta yi masa gori a kai har ta koma ga Allah. Wata biyu da suka wuce aska ta fara rawa a hannunsa. Likita ya ce ciwon daji ne, ya taso daga ciki ya haye hanta. Ya ce sati shida, ko takwas in an yi sa'a.

A gidanmu kuwa sunan ciwon olsa.

Ba wanda ya zauna ya tsara ƙaryar. Haka ake yi, haka muka tarar. Mama ma ta rasu ana ce mata sanyi ne ya kwanta mata a ƙirji. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tattaro jakarta ta tare a ɗakin baƙi don ta tsare ƙofa kada gaskiya ta shigo. Yayana Albeiro yana can Sifen, yana turo umarni ta saƙon murya mai minti bakwai-bakwai: "Nohora, kada wanda ya gaya wa tsohon nan komai. In ya ji, sakin jiki zai yi." Rabonsa da ganin tsohon nan shekara tara ke nan.

Sai dai olsar ta fi ƙarfinmu. Ƙwayoyin da ake ba mu ba sa riƙe shi har rana ta yi tsaka. Ran nan na dawo daga makaranta na tarar da shi a ƙasan banɗaki, ya ciji tawul don kada Gwaggo ta ji nishinsa. Na kasa ɗaga shi. Gildardo na kira, ya rufe shagonsa ya zo ya ɗauke shi cak kamar jariri. Washegari likita ya ce mini a fili, lokaci ya yi da zan nema masa gidan da ake jinyar waɗanda magani ya gama aikinsa a kansu, inda za a tsare masa ciwo har ranar. Ya ce irinsu biyu ne za mu iya kaiwa gare su a garin nan. Ya ba ni takarda mai tambayoyi ashirin da biyu da ya kamata in yi musu.

Kun san malamar makaranta. Na ja layi, na yi gida-gida, na raba maki ɗari a kan tambayoyin, na sa jan biro a jaka. Mutuwar ubana ma sai da na tsara mata jarrabawa.

Gida na farko na Doña Marleny ne, yayar Gildardo. A nan ne zancen ya cakuɗe.

Gildardo shagon tabarau gare shi. Matarsa ta rasu shekara shida. Yana da mota mai ƙamshin lemo, da gashin baki da yake tajewa da ɗan matajinsa na musamman. Kullum ƙarfe shida da minti goma na safe wayata za ta yi ƙara: hoton fure da raɓa a jikinsa, da ayar Littafi Mai Tsarki a ƙasa. Shekara uku bai taɓa fashi ba, har ranar da aka cire masa haƙori. Ba ni da laifin da zan ce ya yi mini. Da yana da shi, da tuni na huta.

Ranar Laraba ya kai ni. Na sa rigata mai ruwan toka ta zuwa taron iyaye, shi kuwa har da lakataye. Gidan yana kan tudu, ga lambu, ga ruwa yana tsiyaya daga bakin wani kifin dutse, ga kiɗa mai sanyi yana fitowa daga inda ba a gani. Marleny ta tarye mu da farar riga da sarƙar zinari, ta sumbace ni a kumatu biyu.

"Ƙanwata! Ai ke 'yar gida ce, wace tambaya kuma?"

Na dai yi tambayoyina. Ma'aikata nawa? Isassu. Likita? Waya ɗaya, ya iso. Maganin ciwo mai ƙarfi? Akwati guda. Dangi na iya kwana? Ga kujera mai zama gado, taɓa ki ji laushi. Ta ba ni kofi a wani ɗan kofi mai bakin zinari, ta rage murya.

"Edilma ta yi mini bayani. Ki kwantar da hankalinki, a nan ba ma furta waccan kalmar. Ba ma ma cewa marasa lafiya, baƙi muke cewa. Za mu ce wa Don Ovidio ya zo ƙara ƙarfi ne na ɗan lokaci. Akwai wanda ya tafi yana tambayar ranar sallama."

Ta faɗi haka ne a matsayin abin yabo. Ni ma a matsayin abin yabo na rubuta. Casa'in da ɗaya bisa ɗari.

A mota Gildardo ya gyara madubi, ya sake gyarawa, sannan ya ce, "Nohorita, in Baba ya samu wurinsa, ina ganin mu ma sai mu nemi namu."

Na ce, "Kalli hanya, ga bas can."

A gida Gwaggo tana gasa arepa, wainar masara irin tamu, ba ta ko juyo ba. "Yaron nan ya ba ku yayarsa, ya ba ku motarsa, ya ba ku bayansa. Me ya rage, ƙodarsa? Ki bari a sa miki zobe ubanki yana gani, kafin…"

"Kafin me, Gwaggo?"

Ta juya arepa. "Kafin olsar ta warke."

Da abin ya tsaya nan, da yanzu katin gayyata nake turo muku. Ranar Juma'a na je asibiti karɓar magani, takardata ta faɗo daga jaka a gaban wata tsohuwar nas da ta saba ganina a layi. Ta ɗauka, ta karanta, ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Casa'in da ɗaya! Yaushe kika je?"

"Laraba. Su suka sa ranar."

"Ke in mai duba makarantu ya ce zai zo Laraba, yaya ajinki yake kasancewa ran Laraba?"

Ta miƙo mini takardata.

"To ki koma Lahadi da rana, lokacin da ake buga ƙwallo, kada ki gaya wa kowa. Kada ki kalli fure. Ki kalli leɓen marasa lafiya, ki ga ko ana jiƙa musu. Ki ɗaga bargo ki kalli dunduniya, ki ga ko ana juya su. Ki kalli gemun maza, ki ga ko har yanzu ana ɗaukarsu mutane. Sauran duk na masu ziyara ne."

Ranar Lahadi bayan coci na ce wa Gwaggo zan je gidan abokiyar aikina duba takardun jarrabawa. Ban ma yi ƙarya sosai ba. Na sa wandon jins da rigar ruwa, na ɗaure gashina, na leƙa Baba. Yana kwance, fuskarsa ta koma launin kyandir.

"Malama, ina zuwa?" Haka yake kirana tun ranar da na karɓi takardar shaidar koyarwa.

"Aiki, Baba."

"Ran Lahadi? Ki ba yaran nan maki, ba su kashe kowa ba."

Ƙarfe biyu da rabi na isa gidan kan tudu. Mai gadi ya manna rediyo a kunne, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Kifin dutse yana nan yana aikinsa. A ciki kuwa ƙararrawa ce take ƙara, daga ɗaki na bakwai. Na kalli agogo. Na bi baranda ina neman farar riga, ban ga ko ɗaya ba sai a can ƙarshe, wata mata da ta kai sa'ata, ta ɗauko zanin gado a dunƙule, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Ke kaɗai ce?"

"Ni da mai girki. Wurin wa kika zo?"

"Gadaje nawa?"

"Sha takwas. Don Allah matsa."

Na shiga ɗaki na bakwai. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama kamar tsuntsu, yatsanta a kan maɓallin ƙararrawa, ta ma manta tana dannawa. Leɓenta ya tsage, ya yi ɓawo baƙi, harshenta ya manne. Ga kofin ruwa a kan tebur, da ɗan kyalle mai ado a rufe da shi, a inda hannunta ba zai taɓa kaiwa ba. Na jiƙa hankicina na ɗiga mata. Ta tsotsa kamar jinjiri. Na ɗaga bargo. Ba zan kwatanta muku dunduniyar ba, wasunku suna karatu ne suna cin abinci.

A ɗaki na tara wani mutum yana nishi, irin nishin da na sani daga banɗakinmu. Na tare matar a baranda na ce mutumin nan allura yake buƙata.

"Na sani." Idonta ya ciko. "Makullin akwatin magani yana hannun babbar nas. Tun sha biyu na kira ta, ta ce tana hanya."

Minti goma sha tara kafin ma'aikaciyar ta shiga ɗaki na bakwai. Amma in faɗi gaskiya, gemu kam an ci maki. Kowane namiji an yi masa aski tas, an shafa masa turare, saboda Lahadi da safe dangi suke zuwa ɗaukar hoto. Mai nishin ma fuskarsa sumul kamar ango.

Na fito na tsaya a bakin titi, ruwa ya fara yayyafi. Na hau bas zuwa gida na biyu, wanda tun farko na ƙi zuwa don Gwaggo ta ce na waɗanda ba su da kowa ne.

Yana bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da buhunan wake. Fenti ya ɓare. A zaure akwai bokiti biyu suna tarar yoyo. Warin miya da na maganin goge ƙasa suka tarye ni. Nan ma rediyo na ta ihun ƙwallo, sai dai daga ɗakin marasa lafiya yake fitowa, kuma na ji muryar mace tana zagin alƙalin wasa tare da su.

Ita ce ta fito. Doña Rubiela, babbar nas ɗin gidan, ƙatuwar mace da takalmin roba da makulli rataye a wuya da igiyar takalmi.

"Ziyara ko dubawa?"

"Dubawa."

"Na ga jan biro. Shigo, amma ki wanke hannu, kuma in kin ga abin da ya faɗi ki ɗauka."

Gadaje takwas, ma'aikata uku. Babu ƙararrawa, ƙofofin ne a buɗe, kowa kuma da cokali da kofin ƙarfe kusa da hannunsa. Ina tsaye wani ya buga, kafin ya buga na uku an isa. A gefen kowane gado akwai ɗan tsinke da auduga a kai, a tsome cikin ruwa. Na wani tsoho a cikin ruwan baƙin kofi aka tsoma.

"Ba ya iya haɗiya," in ji Rubiela, "amma bakinsa bai yi ritaya ba."

Na ɗaga barguna. Kowace dunduniya an ɗora ta kan naɗaɗɗen tawul, tana reto a iska, an shafe ta da mai. Na tambayi makullin wuyanta, na akwatin magani. Ta ce in za ta fita, ko sayen burodi ne, sai ta rataya shi a wuyan wata nas ɗin kafin ta taka zaure. Likita yana zuwa sau uku a sati, sauran ranaku a waya, kuma wani lokacin ba ya ɗauka sai an kira sau biyu. Dangi na iya kwana, amma a kan katifa a ƙasa, kuma su zo da bargonsu. Ba ta yi wa komai kwalliya ba, har na fara jin haushinta.

Sai na yi tambayar da ba ta cikin takardar likita.

"Mahaifina bai san abin da ke damunsa ba. Mun ce masa olsa ce. Za ku riƙe mana?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ba na kai wa mutum labarin da bai aike ni ba. Amma in ya kalli idona ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Masu shara ma na hana su."

"Ko da danginsa sun roƙa?"

"Dangi suna da shekaru a gaba da za su yi ta jin haushina. Shi ba shi da su."

Na rubuta sifili, na danna biro har takardar ta huje. Ina neman inda zan ƙara kama ta, sai na samu. Maza biyar ne a gidan, kuma duk biyar ɗin fuskarsu ta cika da gashi, fari da baƙi, ya bi wuya ya hau kumatu, kamar waɗanda aka tsinto a daji.

"Wannan fa?" na ce, da muryar da nake yi wa 'yan aji uku. "Kuna da lokacin sauraron ƙwallo, ba ku da lokacin yi musu aski? An ce mini daga gemu ake gane ko ana ɗaukar mutum mutum."

Na zaci za ta tashi mini. Sai ta sauke numfashi ta zauna a kan benci.

"Nan kam kin kama mu, sa sifilinki. Mai askinmu ne ba shi da lafiya, wata biyu ke nan. Shekara goma sha huɗu yana zuwa duk Alhamis da 'yar jakarsa ta fata. Ruwan zafi, tawul, kumfa, aska ta gaske, ko miya ba ya yarda ya sha mana. Wanda ya rasu ma, in an kira shi, yakan zo ya gyara shi kafin dangi su iso. Ya lalata mana su. Na zo da rezar roba, suka ce in kai kasuwa. Sababbin ma da ba su san shi ba, tsofaffin sun zuga su. Don Argemiro na ɗakin ƙarshe cewa ya yi shi ba mai taɓa masa fuska, zai jira Ovidio." Ta murza makullin wuyanta. "Shekaranjiya ya gaji da jira. Ni na yi masa askin daga baya, har na yanke shi a haɓa. Na ba shi haƙuri, amma dai."

Rediyo ya yi ihu, wani ya ci ƙwallo. Na ji bakina yana tambaya, "Wane Ovidio?"

"Mai shago a nan gaban kasuwa. Ba ya so a sani. Ya ce in masu zuwa shagonsa suka ji askar da ta taɓa gawa ce take bin wuyansu, ko kare ba zai sake zama a kujerarsa ba. Matarsa ma ya ce tsoron mutuwa gare ta, ba za ta bar shi ya shiga gida da jakar ba. Sai ya ce musu karta yake…"

Ta tsaya. Ta kalli jan birona, ta kalli goshina, wanda kowa ya ce na Baba ne.

"Wayyo Maryamu. Ke ce Malamar."

Ban san lokacin da na zauna ba. Shekara goma sha huɗu. Na tuna Mama tana jefa masa abinci a tebur ranar Alhamis tana cewa a ci da kuɗin caca, shi kuma yana sunkuyar da kai yana ci. Ni ma na taɓa yi masa wa'azi a kai, da hujjoji a jere, ɗaya, biyu, uku.

"Ya sani?" na ce.

"'Yar nan, mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana riƙe haɓar masu mutuwa?" Ta kama hannuna, tafinta kamar bawon itace. "Alhamis ɗinsa ta ƙarshe, da ya gama, ya zauna a nan inda kike. Ya ce, Rubiela, launin nan da nake gani a fuskokinsu, yau da safe na gan shi a madubina. Tun kafin ku kai shi gwaji ke nan. Na ce bari in kira gidanku. Ya ce a'a, mutanena za su so su yi jinyar ƙaryarsu, a bar su, tana ba su abin yi. Ya ce in sun gaji za su zo da kansu."

"Bai ce komai ba kuma?"

"Ya tambayi ɗakin ƙarshe, mai kallon bishiyar gwaba. Na ce da mutum a ciki. Ya ce ba sauri yake ba."

Na je na leƙa ɗakin. Gado ɗaya, an cire zani, an jingine katifa a bango tana shan iska. Taga a buɗe. Gwaba ta zubo a ƙasa ba wanda ya tsince. A nan na yi kukan da na yi wata biyu ina yi a banɗakin makaranta da famfo a buɗe, sai dai wannan karon ban buɗe komai ba.

A bas wayata ta yi ƙarar saƙo. Gildardo ne.

"Marleny ta ce an gan ki a can yau. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Da na kai ki."

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo: "Ta ce ranar Lahadi ba a auna gida da ita."

Sai na uku: "Ina gidanku. Gwaggo ta ce in zo da yamma. Na sa kwat."

Na hau matakala arba'in da biyu ina ƙirgawa, don kada in yi tunani. Ƙarfe biyar da rabi. Falo ya sha gyara, an shimfiɗa ƙyallen tebur na Kirsimeti, ga kek, ga kofunan da ba a fito da su sai Fadan cocinmu zai zo. An jingine waya a jikin gwangwanin sukari, fuskar Yaya Albeiro ta cika ta. An sa wa Baba farar rigarsa, an zaunar da shi a kujera da matasai ta ko'ina, rigar tana lilo a jikinsa kamar a kan rataya. Gildardo ya miƙe tsaye, hannunsa na dama a aljihun kwat, aljihun ya yi tudu mai kusurwa huɗu.

"Ga ta nan!" in ji Gwaggo. "Ji yadda ta jiƙe kamar kaza. Je ki canza, muna da labari biyu masu daɗi. Marleny za ta turo mota ran Talata, Ovidio zai je ya ƙara ƙarfi na sati biyu. Na biyun kuma, Gildardo ne zai faɗa da bakinsa."

"Sati biyu kacal, Baba!" Albeiro ya yi ihu daga jikin sukari. "Kamar otal!"

Ban je na canza ba. Na durƙusa a gaban kujerar Baba, ruwa yana ɗiga daga gashina kan gwiwarsa. Duk jawabin da na shirya a bas ya gudu.

Na ce, "Baba, Doña Rubiela tana gaishe ka."

Ya daɗe yana kallona. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka karɓar wa kaya a ƙarshen hawa.

"Argemiro fa?"

"Shekaranjiya."

"Da gemunsa?"

"Ta yi masa daga baya. Ta yanke shi a haɓa."

"Kai, Rubiela. Hannu kamar na mahauci." Ya rufe ido, ya buɗe. "To ɗakin ya samu ke nan."

"Wane ɗaki?" in ji Gwaggo. "Wace ce Rubiela? Ovidio, olsar ce take sa ka…"

"Edilma." Bai ɗaga murya ba, ba shi ma da ita. "Kin yi ƙoƙari, Allah ya saka miki. Amma ki bar olsar nan ta huta haka, ni ma in huta. Mutuwa zan yi, ƙanwata. Ina so in yi ta a inda makulli yake kwana a gida."

Gwaggo ta zauna a kan hannun kujera, wuƙar yanka kek a hannunta. Daga jikin gwangwanin sukari Albeiro yana ta cewa, "Me ya ce? Maganar tana yankewa. Nohora, me ya ce?" 

Baba ya juya kansa a hankali wajen Gildardo, wanda har yanzu yake tsaye, fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Kai kuma, ɗana. Ba na raina gidan yayarka, kuma ban manta wanda ya ɗauke ni daga ƙasa ba. Amma abin nan da ke aljihunka, don ni ka kawo shi yau, ko don ita? In don ni ne, na yafe. Ba sai an yi mini biki ba kafin in tafi."

Masu karatu, na san Gildardo shekara uku. Na san zai yi tari, ya taɓa gashin baki, ya kawo aya. Na riga na fara tausaya masa.

Ya zaro hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki. Ya cire kwat ɗin gaba ɗaya, ya ninke, ya ajiye a bayan kujera. Ya ce, "Ƙarfe nawa ran Talata, Don Ovidio? Matakalar nan sai an goya ku. Kuma bayan kasuwa ba a samun wurin ajiye mota in an wuce takwas."

Baba ya ce, "Bakwai da rabi."

Shekara uku ina jiran ƙirjina ya buga saboda mutumin nan, bai tashi bugawa ba sai a ranar da na yarda ubana zai mutu. Ina durƙushe a jiƙe, ban san wanne nake wa kuka ba.

Sai waya ta fara ruri a cikin kwat ɗin da ke bayan kujera. Duk mun san mai kira, don kiɗan da ya sa wa yayarsa daban ne. Ta yi ta yi har ta katse, ta sake farawa. Gildardo bai kalli kwat ɗin ba. Ni yake kallo.